Kan Barewa a Kwandon Sharar Likita Bara'u

Da safiyar Litinin aka tsinci kan barewa da ƙafafunta da kayan cikinta a kwandon sharar Likita Bara'u da ke unguwar Lozells a Birmingham. Kafin Sajan Batulu ta 'yan sandan Birmingham ta iso, wata jaridar Manchester ta riga ta baza hoton likitan a intanet, wai likita ɗan Najeriya na farautar sata. Kafin azahar asibiti ya ce ya zauna a gida. Batulu ta karanta labarin ta ja tsaki, don ƙyamarsa ta fi ta warin kwandon.

"Wallahi Sajan, ban taɓa riƙe bindiga ba," in ji Bara'u. "Weekend ɗin nan gaba ɗaya ina on call, ina bakin aiki a asibiti."

Matarsa Ramatu ta katse shi. "Ke Batulu, ki dubi Allah. Mu da muke bin mahauta muna roƙon a ajiye mana kai da ƙafa, mu ne za mu zuba su a bin? Ai da tuni sun zama farfesu."

Batulu ta ga gaskiyarta. Wanda ya zubar da kayan nan tsoka kawai ya sani nama, bai taɓa cin abincin gidan Bahaushe ba.

Ta koma kan Zoe, ma'aikaciyar ƙungiyar kare dabbobi da ta kai rahoto.

"Wa ya kira ku?"

"Wani namiji, ƙarfe takwas. Bai faɗi suna ba."

"Da me kika zo?"

"Da keke. Takwas da kwata na iso, na tarar da ɗan jarida yana ɗaukar hoto."

Keke ba ya ɗaukar wannan kaya. Batulu ta sallame ta, ta sa aka kira Ethan, ɗan jaridar da ya ɗauki hoton ya kuma rubuta labarin. Ya shigo yana taunar cingam.

"A ina kake zaune?"

"Manchester."

"Yaushe ka ji labari?"

"Bayan an kira ƙungiyar."

"Kenan daga Manchester zuwa Lozells, tafiyar kusan awa biyu, minti goma sha biyar ka yi?"

Cingam ya tsaya. Batulu ta shimfiɗa masa tsofaffin rubuce-rubucensa a tebur. Makon jiya ya kira ƙungiyar Zoe taron maƙaryata, saboda ta kai wasu attajirai 'yan kulob ɗin farauta kotu. Yau kuma a rubutunsa ta zama jaruma. Shari'ar attajiran ran Litinin ɗin nan aka fara ta, kuma sunan Ethan na cikin rajistar kulob ɗin.

"Abokanka suka harbe barewar, kuka kwashe tsoka," ta ce. "Ka kawo sauran ƙofar baƙo, ka kira ƙungiyar da kanka, don jama'a su manta da kotu su bi likita. An samu gashin barewa a but ɗin motarka."

Ethan ya sunkuyar da kai. "Sunansa na gani a ƙofa. Na san za a yarda."

Nan Batulu ta sa aka tsare shi.

Ran Alhamis Bara'u ya koma aiki, ya sayi jaridar a tasha ya yi ta buɗawa. A shafi na sha tara ya sami layi uku: an kama wani mutum kan batun barewa. Ba suna, ba hoto. Mara lafiyar farko da aka turo masa ta dubi fuskarsa, ta dubi wayarta, ta ce a ba ta wani likita.