Layi a Wuyan Inna

"Me ka yi mata?!"

Muryar Rauda ta cika zauren gidan kawunta da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura. Takardun littafinsu na kan cinyarta. Nu'uman, wanda magabatansa za su zo neman aurenta ran Juma'a, yana durƙushe a bakin ƙofa, ya kasa ɗago kai.

"Raudata, ki saurare ni..."

"Layin mene ne wannan a wuyan Inna?"

Wata takwas suka yi suna wannan aiki. Ita ta rubuta, shi ya zana. Ɗan littafin yara ne mai hotuna, tarihin mahaifiyarta Barakatu mai saƙar faifai a Sandamu, da ƙawarta Mama Dorothy, wadda ta fara rataye mata kayan a ƙofar shagonta har sunan Inna ya iso Daura. Rauda na da shekara tara Inna ta rasu. Hotonta ɗaya ne tak, shi ma ruwa ya cinye shi daminar da ɗakinsu ya rufta. Daga bakin Rauda Nu'uman ya ɗauko fuskar. Kullum da la'asar sai ta ce hancin ya yi tsawo, ko ta ce wushiryar ta fi haka, shi kuma ya goge ya sake. Ranar da fuskar ta fito, kuka ta yi har sai da ya tsorata.

Yau ga siririn baƙin layi ya ratsa wuyan kowa, shafi goma sha biyu cur.

"Fadila ce ta ɗauke zanen a ɗakina ta kai wa Baba," ya ce da ƙyar.

Fadila 'yar baffansa ce, ta daɗe tana sa rai da shi.

"Baba ya ce ɗan limami ba zai zana mai rai ba. Ko in ratsa wuyan kowa yadda ake yi don hoto ya fita daga kama da halitta, ko kuwa babu mai taka ƙofar gidanku ran Juma'a."

"Shi ne ka yanka min uwa."

"Subhanallahi! Layi ne kawai, masoyiyata..."

"Da tawada?"

"Da tawada. Cewa ya yi fensir wayo ne."

Ta share hawaye da gefen mayafi.

"To, zana min wata. Ai ka san fuskar."

"Na yi masa rantsuwa, Rauda. Ba zan ƙara zana cikakken mutum ba har abada."

Ta dube shi. Ta san ba mugunta ba ce. Ɗa ya bi ubansa, saurayi ya ji tsoron rasa budurwarsa, a ina za ta ɗora laifin? Da ita ce alƙali, da ta rasa wanda za ta hukunta. Amma fuskar nan ita kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ko shawara bai yi da ita ba. Abu ɗaya take nema, komai ƙanƙantarsa, da za ta riƙe ta yafe masa.

"Yaya Nu'uman... tambaya ɗaya zan yi maka."

"Ina ji, ƙanwata."

"Da ka zo shafin Inna, hannunka ya yi rawa?"

Ya ɗago. Ta ga ya gane amsar da take roƙo. A zuciyarta cewa take, ka ce e, don Allah ka ce e!

Laɓɓansa suka motsa sau biyu kafin magana ta fito.

"Bai yi ba... Rula na sa, don kada layin ya karkace ya taɓa mata haɓa."

Rauda ta gyaɗa kai a hankali. Ta sake duba shafin.

"Ya miƙe kuwa. Ka iya aiki."

"Rauda, wallahi saboda ke na yi!"

"Na sani. Shi ya fi min ciwo."

Ta tattara takardun ta rungume a ƙirji, ta tashi.

"Ka gaida Baba. Ka ce kada su wahalar da kansu ran Juma'a."

"Haba, Raudata... haba!"

Har ta ɗaga labulen shiga gida sai ta ji muryarsa a bayanta, a dishe.

"Da na yi miki ƙarya fa?"

Ba ta waiwayo ba.

"Da na aure ka."