Fasinjojin Kujerar Baya

Ku matso kusa, ku rage murya. Mai tsoro ya riƙe hannun na kusa da shi.

Sallau mai walda, na bayan tasha, mutum ne mai wayon tsiya. Ya sayi motoci biyu da suka yi haɗari, ɗaya gabanta lafiya, ɗaya bayanta lafiya. Ya yanka, ya haɗa, ya shafe tabon da fenti. Saura takardar lafiyar mota, don ranar Juma'a zai kwashi matarsa Talatu da yara zuwa biki. Shi kansa ya san haɗin nan bai isa ɗaukar rai ba, amma ya ce ai fenti ya rufe.

Da tsakar rana ya nufi ofishin masu duba mota, shi kaɗai. Ya bi tsohuwar hanya don kada abokan sana'a su gane aikinsa. A gindin wata tsamiya sai ga mutum cikin farin kaki irin na masu duba mota ya ɗaga hannu.

Sallau ya tsaya, ransa bai so ba. Babu shinge, babu babur, babu abokin aiki. Yaushe aka fara tsayuwa a nan? Ya ce a ransa na goro ake nema.

Mutumin bai tambayi takarda ba. Bai ce a taka birki ba, bai ce a kunna fitila ba. Ya leƙa kujerar baya, ya yi sallama, ya ɗan jira kamar ana amsa masa.

"Malam, ka yi lodi da yawa."

"Ranka ya daɗe, ni kaɗai ne."

"Gaba naka ne. Baya da masu shi. Tun ranar haɗarin ba su sauka ba."

Sallau ya duba madubi. Babu kowa. Amma kujerar ta lotsa wuri-wuri, kuma sai yanzu ya tuna tun da ya taso motar ke jan baya kamar ya ɗauko buhunan masara. Idonsa ya faɗa ƙasa. Mutumin yana zagaya motar a kan rairayi, babu sawu ko ɗaya. Takalmansa kuwa, dugadugan ne a gaba.

Mutumin ya ɗora yatsa a rufin motar, ya ja layi har ƙasa, daidai kan waldar. Fenti ya tashi yana ƙauri.

"To yaranka, a kan cinyar wa za su zauna?"

Tsoro da kunya suka rufe Sallau. Ya bar makulli a jiki, ya ranta a na kare.

Washegari ya koma da mutane. Gaban motar na nan, a yanke tsaf bisa layin. Bayan kuwa babu shi. Sai sawun taya biyu da suka nufi kwanar da motar mai bayan ta yi haɗari.

Ranar Juma'a a motar haya suka tafi biki. Talatu na ta mita, shi kuwa ya ƙanƙame ƙaramar 'yarsa.

Kada in ji wani ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai. In kuma kun shiga tsohuwar mota mai sabon fenti, ku yi sallama kafin ku zauna a baya.