Wasiƙun Masu Jiran Shari'a

Da hantsi aka kira Sufeto ofishin Goggon Fursuna, ɗaki guda a saman shagon tela. Tsohuwar malamar makaranta ce. Tun da ta yi ritaya ta ɗauki gidan yari tamkar ajinta, tana bin alƙalai da koken mutanen da aka manta da su ba shari'a.

"Me aka ɗauka, Goggo?"

"Fayil ɗaya, ɗana. Wasiƙun masu jiran shari'a. Jibi babban alƙali zai shiga duba su. In ba takarda, wa zai kira sunansu?"

Sufeto ya duba ɗakin. Ga kwamfuta, ga rediyo, ba a taɓa ba. Kwaɗon ƙofa lafiya lau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai tela."

Tela ya rantse bai ba kowa ba, ƙafarsa na kan keken ɗinki, idonsa na kan zare.

"To kai ne ke nan," in ji Sufeto. "Tashi mu tafi."

Keken ya tsaya cak. "Yallaɓai, direbanta ya karɓa jiya da azahar. Wai ta mance tabarau. Mutumin kirki ne, shi ya sa na yi shiru."

Direban na tsakar gida yana goge tsohuwar motar Goggo. Dattijo ne mai furfura, ɗan yatsansa na hagu guntu. Ya ce tabarau kawai ya ɗauko.

"Kana shiga gidan yarin tare da ita?"

"A'a, ranka ya daɗe. A mota nake jira. Warin wurin ke hawa mini kai."

Sufeto ya wuce gidan yari. Gandiroban bakin ƙofa ya yi dariya da Sufeto ya tambaye shi game da direban.

"Direban Goggo? Shekara uku duk Talata sai ya miƙo ƙunshi, sabulu da magani. Na mutum ɗaya ne, wani bakanike. Ya ce kar a faɗi wanda ya aiko."

Aka fito da bakaniken, ramamme, yana tari. Shekara bakwai ke nan, ko sau ɗaya bai tsaya gaban alƙali ba.

"Mota aka kawo mini gyaran gaba," ya ce. "Ashe ta kaɗe mai keke ya mutu. A garejina aka same ta, mai ita ya gudu. 'Yata tana goye lokacin. An ce yanzu har ta iya rubuta sunana."

"Za ka gane mai motar?"

"Na rubuta wa Goggo. Ɗan yatsansa na hagu guntu ne."

Sufeto ya karɓi fayil ɗin bakaniken ya duba. Hatimin ofishinsu ne a kan takardar da ta kawo mutumin nan gidan yari.

Da la'asar ya koma, ya tara Goggo da direba a ofis.

"Goggo, a ina kike karanta wasiƙun?"

"A mota, da ƙarfi. Idona ba ya son ƙananan rubutu, sai na ji da kunnena."

Sufeto ya juya. "Baba, ɗora hannunka na hagu a tebur."

Direba ya kalli hannun kamar ba nasa ba. Sai ya durƙushe.

"Ni ne. Tsoro ya kore ni daga gari, rashin barci ya dawo da ni. Na nemi aiki wurin Goggo don in riƙa jin ko yana raye. Da ta karanta wasiƙarsa, na san za a gane ni. Na kwashe duka don kar a gane wadda nake nema."

"Ka ƙona su?"

"Na kunna ashana sau uku, na kasa. Suna ƙarƙashin kujerar mota, ko ɗaya ba ta yage ba."

Goggo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Sabulu ba ya wanke shekara bakwai, malam."

"Na sani, Goggo."

Sufeto ya zaro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. "Mu je, Baba. Za ka maimaita wannan a rubuce. Da hannuna zan kai wa alƙali, bakaniken nan ya kwana gidansa jibi."

A kan matakala Goggo ta kira direban. Ya tsaya bai juyo ba.

"Ba zan ce ka yi daidai ba. Amma kai ba za ka yi shekara bakwai kana jira ba. Ni zan tsaya a kan shari'arka har a yanke."

Dattijon ya gyaɗa kai. Sufeto ya riƙe masa hannu, suka sauka a hankali.