Wankin Tankin Feshi

Ni mai feshi ne, lambu-lambu nake bi ina kashe ƙwari. In na tashi aiki sai in biya ta kududdufin bayan gidanmu in ɗauraye tankina. Matata ta yi magana har ta gaji.

"Baban Auta, gubar nan fa ba a cikin tanki take tsayawa ba."

Na ce mata ruwa ba ya ƙin wanki. Ni dai akwai taurin kai, kowa ya shaida.

Ran nan na bar Auta, 'yarmu mai shekara huɗu, kwance jiki zafi rau. Kwana uku ke nan. Na ce bari in wanke tanki kafin magariba in kai ta asibiti.

Tun daga nesa na ji abin bai yi mini ba. Da, war haka kwaɗi sun cika wurin da kuka, jemagu na shawagi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Yau tsit. Sai wari, irin na kifin da ya kwana a rana.

Na tsuguna na buɗe murfi. Sai na ji ƙwas. Ƙwas.

Wata tsohuwa ce a gefena, lulluɓe da baƙin zane, tana tsintar matattun kwaɗi tana jefawa a ƙwarya. Ban ji zuwanta ba. Babu sawunta a laka.

"Sannu, Iya," na ce.

Ba ta ɗago ba. "Kwaɗo ya ci sauro, zalɓe ya ci kwaɗo. Haka na tsara gidana, ɗan nan. Ka kashe mini masu gadi."

"Ban sani ba, Iya."

"An gaya maka." Ta yi ƙasa da murya. "Sauro kam ya rayu, kuma dole ya ci. Wa ka bar masa a gida?"

Na miƙe zumbur.

Zanen nata ya fara motsi. Ashe ba zane ba ne. Sauro ne, dubu kan dubu, suna tashi daga jikinta da wani zuuu da ya cika mini kai.

Ba kaina suka yo ba. Gidana suka nufa.

Na yar da tanki na zura da gudu. Na faɗi, na tashi, takalmi ɗaya. Na sunkuci Auta daga tabarma, ban tsaya ba sai gaban likita.

Ya ce da mun ƙara awa guda, da sai dai wani labarin.

Na bar feshi. Damina biyu ina ɗebo ƙwan kwaɗi a bokiti daga wani rafi ina zubawa a kududdufin, kuma zalɓe ya fara leƙowa. Auta ta tashi, tana wasanta, amma zazzaɓin ya tafi da jinta. Har yau nakan manta in ƙwala mata kira daga ƙofa, sannan in tuna, in taka in je in dafa kafaɗarta.