A Yanke Gefen Hagu

"Ban ce hoton bai yi kyau ba, Chizuru."

"Cewa ka yi a yanke."

"Gefen hagu kawai na ce. Ai abin da ke tara mu ke nan duk wata, kowa ya kawo nasa a faɗa masa gaskiya."

Suna tsaye a bakin matakalar zauren unguwa, inda ƙungiyarsu ta masu ɗaukar hoto don sha'awa take zama. Sauran 'yan ƙungiyar suna wucewa ta gefensu, kowa ya ɗan rusuna ya yi kamar bai ji ba. Hoton yana hannunta, ta manna shi a ƙirji.

Gonakin shinkafar ƙauyensu ne, hawa-hawa a jikin dutse, an cika su da ruwa ba a kai ga dashe ba. Sama ta kwanta a cikin kowace gona. Can gefen hagu ga wani abu a tsaye, da malafa da tsohuwar riga ruwan toka.

Shi ne Shunpei ya nuna ɗazu a zauren da bakin biro a gaban mutum ashirin. Ya ce haske ya yi, gajimare ya yi, amma wannan mutum-mutumin korar tsuntsaye ya ɓata komai. Mayuko, wadda kullum take zama kusa da shi, ta rufe baki da hannu tana dariya.

"Shunpei-san," in ji Chizuru, "wa yake kafa mutum-mutumi a gonar da ba a shuka ba? Me tsuntsu zai ci?"

Ta juyo masa da hoton, ta ɗora yatsa a gefen hagu.

"Babana ne."

Ya ƙura wa hoton ido, ita kuma ta ci gaba.

"Kullum da safe yana tsayawa a bakin magudana, yana kallon ruwa na sauka daga gona zuwa gona. Sai ya yi awa guda bai motsa ba. Shi kaɗai ya rage yana noma a kwarinmu."

Ya rusuna sosai, bai ɗago da wuri ba.

"Ki yafe mini, masoyiyata. Ban sani ba."

"Ina za ka sani? Shekara biyu ina cewa ka zo."

Maganar ke nan da take tsakaninsu tun farko. Chizuru ita kaɗai aka haifa. Sharaɗin Baba guda ne: wanda zai aure ta ya shigo gidansu na Nagamine ya ɗauki sunan gidan, kamar yadda shi ma ya yi ranar da ya auri mahaifiyarta. Mahaifiyar Shunpei kuwa ta ce ba ta haifi ɗa don ya zama ɗan wasu a bayan dutse ba. Duk Lahadi kuwa Mayuko ce uwar take gayyata gidanta shan shayi.

Washegari Chizuru tana cikin jirgin ƙasa za ta aiki, ta buɗe shafin ƙungiya a waya. Ga hotonta, an yanke. A ƙasa Mayuko ta rubuta: "Na ɗan gyara wa Chizuru-chan, bisa shawarar Shunpei-san. Ku ga yadda ya sha iska!"

Mutane sai yabo suke yi.

Ta daɗe tana kallo. Abin da ya fi ci mata rai, hoton ya fi kyau a haka. Ruwa, sama, dutse. Babu kowa.

Satin dashe ta ajiye aikinta ta koma gida. A ƙauyen waya ba ta kamawa sai an hau tudun da kaburburan kakanni suke. Ba ta hau ba.

Rana ta tara motar safe ta sauke mutum ɗaya.

Ta hango Shunpei daga gona, yana hawowa da takalmin birni, yana tsallake taɓo. Wuyansa babu kyamara. Ta sunkuya ta ci gaba da dashe kamar ba ta gani ba.

Baba bai tambaye shi komai ba. Kunnensa ya yi nauyi, tambaya wahala ce a wurinsa. Dogon takalmin roba ya miƙa masa da damin tsiron shinkafa.

Har rana ta take suna cikin laka.

"Kai, ɗan birni," in ji Baba da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "wannan layin naka maciji ne ya sha giya?"

Shunpei ya yi dariya, ya cire ya sake. Rabon da Chizuru ta ji Baba ya tsokani wani tun rasuwar Inna. Ta kawo musu dunƙulen shinkafa da shayi. Shunpei ya ci biyar, Baba yana ƙirgawa da ido yana murmushi.

Sai ta bar kanta ta sa rai. Kaɗan.

Bayan sun tashi, yana wanke ƙafa a famfon bayan gida, ta miƙa masa tawul.

"Na yi magana da Mama," ya ce, bai dube ta ba.

"To?"

"Ta ce ranar da na buga hatimina a takardar sauya suna, kada in ƙara taka gidanta. Ita ma ita kaɗai ce, Chizuru... tun da Babana ya rasu."

"Shi ne ka zo ka faɗa mini da bakinka."

"Ki dawo birni. Mu yi aure da sunana. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, mai kyau, har da lambu. Sai mu samar wa Baba ɗaki."

"Ka gan shi yau a cikin laka. Wane ɗaki ne zai ɗauke shi?"

"Ke fa? Bayan shi, da wa za ki zauna a nan? Da kwaɗi?"

Kwaɗin ma sun fara kuka a gonakin ƙasa.

"Ina sonki," ya ce.

"Na sani. Da ba ka sona, da saƙo za ka turo."

Daga gindin dutse motar ƙarfe huɗu ta danna oda. Ita ce ta ƙarshe, kuma direban ba ya jira fiye da minti biyar.

Shunpei ya jingine takalmin robar a bango, ƙafa biyun a jere. Ya sa nasa na birni. Ta shiga ta naɗe masa sauran dunƙulen shinkafa a kyalle, ta sa masa a hannu. Yatsunsu suka haɗu, ita ta fara janyewa.

Ya rataya jaka, ya juya ya fuskanci hanya.

Baba bai ji odar ba. Ya leƙo daga ƙofar kicin riƙe da kofin awon shinkafa, fuskarsa a sake.

"Chizuru, yaron nan naki akwai ci, na gani da rana. In auna ta mutum uku ne, ko in ƙara?"