Damin Da Bai Shiga Majami'a Ba

Tabita na tsakar gida tana tankaɗen gari, sai mahaifinta, Malam Jimrau, ya buga sandarsa da ƙasa.

"Na ce a'a! Ɗan Ango? In dai ina numfashi, ƙafar Habila ba ta ƙetare zauren nan!"

"Baba, mi ya yi maka?" in ji Tabita. "Mushen lakwal ne, yara yake koyarwa, ba ya sha, ba ya faɗa, tare muke waƙa a majami'a..."

"Ubansa ya yi mani!"

Kowa a 'yar majami'arsu ta Dakoro ya san zancen. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ana saura mako biyu girbi, shanun Ango suka faɗa gonar Jimrau ta hanyar Bader Goula, suka cinye ta tas. Ango ya ce ba nasa ba ne. A shekarar nan har dusa aka ci a gidan Jimrau. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa dattawan biyu ba.

Da yamma Habila ya kira ta a salula. "Tabita, mu tafi Maraɗi kawai, a ɗaura mana a can!"

"Auren da babu albarkar Baba?" ta ce, hawaye na zuba. "A'a, Habila. Mu yi haƙuri, mu ci gaba da addu'a."

Damina biyu suka yi suna jira. Ƙawayenta duk suka yi aure, ita kuwa ta rame kamar kara, amma ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Da idanunsa suka yi rauni, ita ce ke karanta masa Littafi Mai Tsarki kowace safiya, daga inda suka tsaya jiya.

Ranar Lahadin godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kai damin gero majami'a, ta buɗe littafin, ta duba, sai ta yi turus.

"Ci gaba mana, ɗiyata."

Ta karanta a hankali inda Yesu ya ce wanda ya kawo baiko gaban Allah, ya tuna akwai saɓani tsakaninsa da ɗan'uwansa, to ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna.

"Sake karantawa," in ji tsohon.

Ta sake. Ya ɗora daminsa a ka, suka kama hanya.

Suna isa bakin majami'a, mata na rera waƙa suna kaɗa tulu, sai Malam Jimrau ya tsaya cak.

"Tabita, riƙe mani hannu. Ki kai ni gidan Ango."

Waƙar ta mutu a bakin mata. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fito suka bi su, har da fasto.

Ango na kwance a rumfa, ciwon ƙafa ya hana shi fita tun bazara. Jimrau ya sauke damin a gabansa, ya durƙusa.

"Ango, shekara sha uku ina kai wa Allah hatsi, zuciyata cike da ƙaiƙayi. Ka yafe mani."

Ango ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Wayyo, Jimrau, tashi! Shanuna ne! Da idona na gan su cikin gonarka, kunya ta sa na musa!"

Suka rungumi juna. Tabita ta ɗaga kai, ta hangi Habila a jikin garu, ya rufe fuska da hannu biyu.

Fasto ya cire hularsa. "Jama'a, wa'azin da na shirya ba shi da sauran aiki. Yau da ido muka ga Maganar Allah."

Nan ƙarƙashin rumfar aka yi sujada. Bayan Kirsimati aka ɗaura auren Tabita da Habila, maƙwabtansu Musulmi suka cika gidan, matansu na taya tuƙin tuwo.

Da Tabita ta gudu Maraɗi, da ta sami miji ta rasa uba. Haƙurinta ne ya ba ta miji, ya kuma mayar wa tsofaffi biyu zumuncinsu. Zuciyar da gardama ta kasa lanƙwasawa, Allah na iya tausasa ta da safiya guda.