Sunan da Kaka Zabeth Ta Zaɓa

Kuskuren mai raba wasiƙu ne ya haɗa su. A jikin kwalin an rubuta "F. Lauzeran, garin Lauzeran", shi kuwa gida ɗaya ya sani mai wannan suna, gidan Honoré mai tumaki da ke kan tudu. Can ya ajiye.

Solène, 'yar Honoré tilo, ba ta duba harafin farko ba ta farke kwalin. Kwalaben yaji ne, sai 'yar takarda: "Ɗana Firmin, ka riƙa barbaɗawa, an ce abincinsu ba shi da rai." Tana atishawa ta gangara cikin gari, aka nuna mata ɗakin sabon likitan dabbobi kusa da gidan burodi.

Ta tarar da shi yana wanke hannu, dogo, baƙi, mai sanyin ido.

"Kai ne Firmin? To, mahaifiyarka ta zage mu."

Ya karanta, ya yi dariya. "Ki yafe mata, ba ta taɓa ɗanɗana cukunku ba."

"Ina ka samo sunanmu?"

"Inda kika samo naki, wurin ubana. Daga tsibirin Guadeloupe nake. Da na ji ana neman likita a garin da ke da sunana, sai na ce bari in je in ga ko za su gane ni."

"Sun gane ka?"

"Yau dai an fara," in ji shi, yana kallonta.

Daga nan kowace Asabar sai ya zo rumfarta a kasuwa ya sayi cuku, har ta fara zargin maƙwabta yake raba wa. Da sanyi ya shigo, ta tura masa saƙo: "Ɗan tsibiri, ka sa rigar ulu, kada a ce mu muka kashe ka."

Ya mayar: "'Yar tudu, biyu na sa. Amma muryarki ta fi su ɗumi. Kira ni."

Matsalar tana gida. A falon Honoré akwai hotunan magabatansu uku, duk baƙon da ya zauna sai ya ji tarihinsu kafin kofinsa ya huce. Kyaftin Armand da ya bar hannunsa a fagen yaƙi. Alƙali Étienne da ya ajiye aiki don ba zai ɗaure marar laifi ba. Sai Goggo Mathilde, malamar makaranta, wadda ta ɓoye yara goma sha ɗaya a kogon da ake ajiye cuku lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasa. Solène kanta tana alfahari da su. Amma Honoré ya riga ya zaɓa mata Gaspard, ɗan maƙwabcinsu da makiyayarsu ta haɗa iyaka.

Ranar da ta ambaci Firmin, uban ya ajiye cokali.

"Shekara ɗari huɗu muna wanke sunan nan. Shi a ina ya tsinta?"

"Baba, ba ka san shi ba."

"Abin da nake faɗa ke nan."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ba ta gaya wa kowa ba ta shiga mota ta tafi birni, ɗakin da ake adana tsofaffin takardu, ta yini tana bincike. Amma ƙaramin gari ba ya riƙe sirri. Kwana biyu bayan haka, Firmin na yi wa shanun Gaspard allura, Gaspard ya jingina da shinge ya ce, "Likita, ana can ana binciken asalinka kamar ragon da za a saya."

Kwana huɗu Firmin bai kira ba. Asabar ta zo, bai zo rumfa ba. Ta rubuta: "Masoyi, me na yi?"

Amsar ta zo a gajarce: "Da kin tambaye ni. Ba ni da abin ɓoyewa."

Ta bar rumfar a hannun maƙwabciyarta ta tafi wurinsa.

"Na je ne in samo abin da zan rufe bakin Baba da shi," ta ce, idonta ya ciko. "Ni ban taɓa shakkarka ba."

"Kin samu?"

"Ban sami komai ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya share mata hawaye da babban yatsa. "Ba za ki samu a can ba, 'yar tudu. A bakinmu yake. Ki ce wa Baba zan zo cin abinci ranar Lahadi."

Ya zo da farar riga. Ya zauna ya saurari labarin hotuna uku daga farko har ƙarshe, bai katse ba. Solène ta ajiye gasasshen naman rago.

"Yallaɓai, mutanen kirki ne," in ji Firmin. "Ka ba ni dama in gaya maka nawa. A shekarar 1848, da aka 'yanta bayi a tsibirinmu, aka jera su a gaban wani matashin magatakarda yana raba musu sunaye yadda ya ga dama. Da aka zo kan kakar kakanninmu, Zabeth, mai wanki ce, sai ta ce ya dakata. Ta tambaye shi, 'A garinku ana sayar da mutane?' Ya ce a'a. Ta ce, 'Yaya sunan garin?' Ya ce Lauzeran. Ta ce, 'Shi za ka rubuta min.' Ba tsintarsa muka yi ba, yallaɓai. Zaɓarsa aka yi."

Honoré ya ɗaga kai ya dubi hotunan.

"'Ya'ya bakwai ta rena da sunan. Jikanta ya yi shekara talatin yana shugaban makaranta. Kakana Célestin yana ɗan shekara sha tara ya tsallaka teku a kwalekwalen masunta ya shiga rundunar da ta zo ta kori Jamusawa. Da ƙafa ɗaya ya koma gida. Mu ma wankewa muke yi."

Solène ta ɗaga kai ta dubi ubanta ido cikin ido. Shi kuwa cewa kawai ya yi, "A ci abinci, yana hucewa."

Kwana goma bai sake tada maganar ba, har Solène ta fara tunanin haɗa kaya. Rannan da safe sai ya ce ta kira likita, wata tunkiya ba ta da lafiya. Ta tsaya a bakin garke tana ji.

Firmin ya duba baki, ya duba kofato, ya miƙe. "Yallaɓai, lafiyarta ƙalau."

"Na sani." Honoré ya gyara hula. "Kakan nan naka, a ina aka harbe shi?"

"A bakin tekun kudu, kwana uku da saukarsu."

"A watan da suka sauka mahaifina yana cikin dajin can da bindigar farauta, su yake jira su haɗu su kori Jamusawa." Ya shafa bayan tunkiyar. "Solène ba ta iya dafa shinkafa ba. Na gaya maka tun yanzu, kada ka dawo min da ita."

"Zan koya mata, Baba."

A watan Yuni aka ɗaura auren a ofishin magajiyar gari. Léontine, mahaifiyar Firmin, ta iso da ƙaton ɗankwali ja da rawaya, ta zauna kusa da Honoré suna gardama a kan wanda jika zai biyo. Da magajiyar ta karanta sunayen, Lauzeran da Lauzeran a garin Lauzeran, ɗakin ya ɗauki dariya. Ta cire tabarau ta ce cikin zolaya, "Amarya, sunan mijinki za ki ɗauka, ko naki za ki riƙe?"

Solène ta kama hannun Firmin. "Nasa zan ɗauka."

Dariyar ta lafa. Léontine ta tashi ta dafa kansu su biyu. "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da in aka kira sunansu za su amsa da ƙarfi."

Honoré ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Shi ya riga kowa cewa amin.